Tafin Hannu a Ƙofar Kaya

Shekara ashirin da shida ina dako a filin jirgin Garwa:
akwatin alhazai, keken ɗinki, kwalin kilishi,
sau biyu har da gawa.
Na san cikin jirgi ta ƙasa, inda babu kujera.
Samansa kuwa sai dai in ɗaga kai, hula ta faɗi.

Yau ga Habsatu, jikata, a ɗakinmu na Yalwa,
ta sayi data ta sefa ɗari biyar,
ta ce, “Kaka, zan sauko maka da jirgi.”
Na ce, “A wane fili?”
Ta nuna allon kwamfuta,
wani shuɗin zare na tafiyar hawainiya,
goma cikin ɗari, sha biyu, ya tsaya shan iska.
Muka yi Magariba, muka ci tuwo da miyar yakuwa,
sai bayan Isha’i baƙon ya iso.

Fari fat, ba suna, ba tuta,
kamar jaririn da ba a yanka wa rago ba.
Ta ce, “Rigunansu ma saukewa ake yi, kyauta.”
Ta yi ta buɗe mini kamar ’yar koli:
mai jan wutsiya, mai tsuntsu, mai ganye,
har muka zo kan wanda na sani.

Shi ne. Kuma ba shi ba ne.
Wani bawan Allah a can ƙasar sanyi
ya zana shi daga tsohon hoto, ya kuma yi ƙoƙari,
amma ya wanke shi tas kamar kwanon amarya.
Na ce, “Wannan bai taɓa kwana a Garwa ba.
Korensa ya cika ɗanye.
Namu rana ta sha shi har ya koma ruwan kuka.
Ƙarƙashin fiffiken hagu akwai zirin baƙin mai.
Kusa da ƙofar kaya, daidai kafaɗa,
akwai inda Hamajoda ke dafawa in bayansa ya riƙe,
yatsu huɗu da rabi, injin auduga ya ci sauran.”

Yarinyar ba ta yi dariya ba.
Ta jawo jirgin kusa har ƙusoshinsa suka fito,
ta rage koren, ta ɗiga man,
ta ce in ɗora hannuna a takarda, ta ɗauka da waya,
ta datse ɗan yatsa, ta manna a ƙofar.
Hamajoda, shekararka tara a ƙasa,
ga ka a jikin jirgi, ba fasfo, ba tikiti.

Sai ta ja mini kujerar roba.
“Zauna, direba.”
Hannun da ya ɗaga kilo hamsin yana rawa a kan ɗan maɓalli.
Titin ya taho da gudu, ya zame ƙarƙashina,
ga Binuwai ta kwanta kamar rawanin da aka warware,
ga gada, ga yashi, na nemi dorina ban gani ba,
ta ce ba su sa ta ba tukuna.
Na nemi rufin gidanmu.
Ashe haka muke, ƙwayar gero a faifai?
Ashe duk waɗanda na ɗaukar wa jaka
abin da suke gani ke nan, ba wanda ya faɗa mini?

Muna karkata wajen Marwa aka ɗauke wuta.
Batirin ya daɗe da mutuwa.
Duhu, sauro, kukan janareton maƙwabci.
Habsatu ta ce, “Kash, ba mu sauka ba.”

Na ce, “Bar shi a can, ai ya saba.
Ke dai gaya mini,
kin duba ƙofar kayan nan kafin mu tashi?
Makullinta sai an daka da gwiwa.”